Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Lasifika

A zangonmu, da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙara ita ce kyan lasifika. In ta girgiza kwanon rufi sai mu ce ta yi. Kwanaki wani maƙwabcinmu ya tara albashin wata uku ya sayo manya guda biyu masu tambarin PMPO 3000 a jiki. Da muka sa waƙar Mamman Shata, kalangu ya koma kamar ana dukan garwa, muryar kuwa ta nutse. Wannan lamba ta PMPO ba ta da ma'aunin da aka yarda da shi, adon kwali ce kawai.

Abin da ya kamata mai karatu ya duba shi ne lambar dB, wato yawan sautin da lasifika ke fitarwa idan an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Lissafin ba wuya, ko ɗalibanmu za su iya: duk ragin dB 3 yana bukatar a ninka ƙarfin amfilifaya. Abin da mai dB 90 za ta yi da wat 25, mai 87 sai da wat 50. To, kiɗa ba ya tafiya bai ɗaya. Mawaƙi zai yi ƙasa da murya, kwatsam makaɗa su rufe da ganguna. A nan ne ake bukatar rarar ƙarfi. In babu, sauti ya tsage, kuma tsagewar nan ce kan ƙona ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti.

A 1946 Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka. Lasifikarsa Klipschorn tana tura sauti ta hanya mai buɗewa kamar bakin kakaki, tana kai wajen dB 105, ƙarfi kaɗan ya ishe ta. Sai dai dole a jingina ta a kusurwar ɗaki, ga girma kamar kabad. A Ingila kuwa, a shekarun 1970, BBC ta tsara LS3/5a, 'yar ƙarama, don motocinta na watsa shiri daga waje. Ba ta da rugugi sosai, amma muryar mutum kamar yana zaune gabanka. Mu dai a ganinmu, mai falo ɗaya a gidan haya irin wannan ƙaramar ta fi dacewa da shi, maƙwabta ma su huta.

Ranar saye ka tafi da waƙar da ka sani sarai. Mu kuntigin Ɗan Maraya Jos muke sawa, mu rage murya. In har ana jin tsirkiyar daban da muryarsa, an dace.

Yawancinmu gwanjo muke saye, saboda haka a duba zoben soso da ke gefen faifan lasifika, domin zafi da laimar damina kan rubar da shi. A danna faifan a hankali. In an ji gurza, a bar ta. A tabbata amfilifaya na ɗaukar om 4 in haka aka rubuta a bayan akwatin. Wadda aka yi wa wutar Amurka, bolt 120, kada a kuskura a jona ta a tamu ba tare da taransifoma ba.

A gida kuma a janye su kaɗan daga bango, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da nisan kowace zuwa kujerarka.