MAKAWO: GARIN DA CACA KE CIYARWA

A bakin tekun kudancin ƙasar Sin, kusa da Hong Kong, akwai wani ɗan gari wai shi Makawo. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 33 ne, mutanensa kuwa ba su kai dubu 700 ba. Amma duk duniya babu garin da ake zuba kuɗi bisa teburin caca kamar wannan.

Asalin al'amarin tun zamanin Turawan Fotigal ne. Da Hong Kong ta kwashe musu cinikin jiragen ruwa, sai suka halatta caca a tsakiyar ƙarni na 19 don su riƙa samun haraji. A shekara ta 1962 aka damƙa wa kamfanin Stanley Ho dukan gidajen caca shi kaɗai, ya riƙe su shekara 40. Garin ya koma hannun Sin a 1999, a 2002 kuma aka buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni, har suka zama shida, cikinsu da na Amurka. Kafin 2006 ta ƙare, Makawo ta wuce babban layin caca na Las Begas wajen samun kuɗi. Da fili ya yi kaɗan, sai aka cike teku tsakanin tsibiran Taipa da Coloane, aka gina manyan otel-otel. Venetian, wanda aka buɗe a 2007, ɗaki 3,000 gare shi, har da ƙorama da kwale-kwale a cikin gini.

To, daga ina kuɗin ke fitowa? A sauran ƙasar Sin an hana gidajen caca, an kuma ƙayyade kuɗin da mutum zai iya fita da su. Nan ne dillalai suka sami abin yi. A da su ne ke kawo attajiri, su ba shi masauki, su ranta masa abin da zai buga a Makawo, sa'an nan su bi shi gida su karɓa. Kotun Sin kuwa ba ta san bashin caca ba. Yadda ake karɓar irin wannan bashi, mai karatu ya ƙiyasta da kansa.

A 2013 gidajen cacar sun sami pataka miliyar 360, wato wajen dalar Amurka miliyar 45. Shekarar da ta biyo baya kasuwa ta fara ja da baya, saboda shugaba Xi Jinping ya matsa wa masu cin hanci, manyan baƙi suka ɗauke ƙafa. Annobar korona ta ƙarasa abin: a 2022 miliyar 42 kawai aka samu. Babban dillalin nan Alvin Chau kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 18 a farkon 2023.

Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan gari. Gwamnati na karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da gidajen suka ci, kuma mafi yawan kuɗin baitulmali daga nan suke. Tun 2008 ake raba wa mazauna kuɗi a hannu kowace shekara, aikin raba karta ma ƴan gari kaɗai ake ba. Abin mamaki, hukumar da ke rayuwa da caca ita ce ta hana ma'aikatanta shiga, sai kwana uku na sabuwar shekarar Sinawa. Ashe mai tuya ya san zafin mai.

Maƙwabta ma ba su zauna ba. Singafo ta buɗe gidaje biyu a 2010, amma da dabara: baƙo ya shiga kyauta, ɗan ƙasa sai ya biya, tun 2019 dalar Singafo 150 a yini. Manila ta gina nata, Japan kuma tana gina na farko a Osaka.

Shi ya sa da aka sabunta izinin kamfanonin shida na shekara 10 daga Janairun 2023, aka ɗora musu sharaɗin zuba jari a wasanni, da tarurruka, da jawo baƙi daga wajen Sin. Baƙi sun dawo, amma kuɗin 2024, pataka miliyar 227, bai ko kai na 2019 ba.