Kafin Motar Asibiti Ta Iso

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin Wudil da Shuwarin, ko yake ratsawa ta Kiyawa ya nufi Jahun, ya san yadda abin yake faruwa. Ƙara ɗaya za a ji, kafin ƙura ta lafa an cika wurin. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta, manomi ya yar da fartanya, 'yan acaɓa sun jingine babura. Salati ta ko'ina. Wannan yana cewa a kawo ruwa, wancan yana cewa a ɗaga shi, wani kuma ya riga ya kama ƙafar mutum yana jansa ta tagar mota.

A shekarar 1968 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun nuna cewa idan jama'a suka yi yawa a wurin da wani ke neman ɗauki, kowa yakan sa ran wani ne zai motsa, har a rasa mai motsawa. Ciwonmu a nan ba shi ne wannan ba. Mutanen Jigawa ba sa wuce mutum kwance a titi. Matsalar ita ce hannun da ke rige-rigen taimako bai san inda zai taɓa da inda zai bari ba, kuma a mintunan farko wannan rashin sani yana iya ƙarasa abin da mota ta fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a kan hanya a 2024, ban da waɗanda aka yi wa sutura ba tare da labarinsu ya kai ofis ba. Hukumar tana da lambar kira kyauta, 122, akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ya kamata kowa ya ajiye su a waya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: idan abu ya faru da dare a wani kwana da ke nesa da gari, wanda zai fara taɓa majinyaci fasinja ne ko ɗan ƙauyen da ke kusa, motar da za ta kai shi asibiti kuma akori-kura ce ko Golf ɗin wani bawan Allah.

Aikin farko ba a jikin majinyaci yake ba. A kan titi yake. Motar da ta kife a kwana, ta bayanta ba ta san da ita ba, kuma sau da yawa haɗari na biyu kan masu ceto yake faɗawa. Al'adar nan ta karyo rassan itace a jera a kan kwalta tana da amfani, sai dai a kai su nesa sosai ta ɓangarorin biyu, domin tirela mai kaya ba ta tsayawa a taku goma. A kashe injin motar, a zare makulli. Idan ana jin warin fetur, ba sigari, ba ashana, ba tayar da babur a kusa.

Wanda ke ganin wannan tsoro ne ya tuna Majiya. A daren Talata, 15 ga Oktoba 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura, mai ya malala cikin magudanar ruwa. Lokacin litar fetur ta kai naira dubu, mutane suka fito da bokiti da jarka. Da wutar ta tashi ba ta bar wa kowa lokacin gudu ba. Kwamitin da gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi ta kafa ya ce mutum 209 suka rasu. An binne da yawa a kabari ɗaya, an kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu har Kano. Bayan wata uku kacal irin wannan ta sake faruwa a Dikko ta Jihar Neja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya riƙa rarrafe a ƙasa yana bin kwata da kwari. Mutum yana iya tsayawa inda ƙafarsa ba ta taka mai ba, alhali yana tsakiyarsa. Tartsatsin bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya isa. A wurin tankar da ta faɗi, babban taimako shi ne korar jama'a nesa, a tare hanya, a kira 'yan kwana-kwana.

Idan wuri ya natsu, sai a duba mutane, kuma a nan ma zuciya tana yaudara. Kowa kan ruga wurin mai ihu. Mai ihu kuwa yana numfashi, shi ya sa yake iya ihun. Wanda ya yi shiru ne abin tsoro. Idan mutum ya suma yana rigingine, harshensa yakan saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro, ko jini da amai su taru a wurin. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Mutumin da rauninsa bai kai na kisa ba yana iya mutuwa a haka, jama'a na kewaye da shi suna yi masa fifita. Abin yi kaɗan ne: a durƙusa, a kira shi, a dubi ƙirjinsa ko yana ɗagawa. A ɗaga haɓarsa a hankali, a share abin da ake gani a bakinsa. Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, kuma yana amai ko jini na taruwa a bakinsa, a juya shi kan gefe, mutum ɗaya yana riƙe da kai don ya juya tare da gangar jiki. Idan ba ya numfashi sam, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Maganar riƙe kai ba ƙa'idar banza ba ce. Ƙashin wuya yana iya tsagewa ba tare da lakar da ke cikinsa ta taɓu ba. A wannan halin mutum yana motsa yatsunsa, kuma zai iya warkewa ya koma gona. Amma idan aka ciccibe shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, kai yana reto, ko aka naɗe shi aka cusa a bayan adaidaita-sahu, ƙashin yana iya gocewa ya yanke lakar. Daga nan sai keken guragu, in an yi sa'a. Saboda haka wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi yadda yake, sai in wuta ko wata mota na barazana. In ya zama dole a ɗauke shi, a nemo abu mai faɗi da tauri, ƙyaure ko bencin mai shayi, a mirgina shi a kai gaba ɗaya.

Sai jini. Babban mutum yana da kusan lita 5 a jikinsa, kuma idan babbar jijiya ta yanke a cinya ko hannu, 'yan mintuna sun isa. Maganinsa dannawa ne. A ninke rawani ko mayafi ko riga mai tsabta, a ɗora a bakin ciwon, a danna da nauyin jiki, kada a ɗaga don a leƙa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ba a zuba ƙasa, ba a zuba toka, ba a zuba man birki, duk da wasu direbobi da makanikai sun rantse da shi. Wahala kawai yake ƙara wa likita da mai ciwon. Ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki ba a zare shi, domin wataƙila shi ya toshe jijiyar. Idan dannawa ta kasa a hannu ko ƙafa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi a saman ciwon, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa ma'aikatan asibiti. Ban da igiya ko waya.

Abin da ya fi wuya a hana mutanenmu shi ne ba da ruwa, domin a wurinmu hana mai ƙishirwa ruwa rashin imani ne. Amma ƙishirwa mai tsanani bayan haɗari, tare da gumi mai sanyi, alama ce ta cewa jini na zuba, wani lokaci a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ruwan baki ba ya mayar da shi. Wanda bai gama farfaɗowa ba yana iya shaƙewa, wanda za a yi wa tiyata kuma ana son cikinsa ba komai. A jiƙa masa leɓe, a lulluɓe shi, a riƙa yi masa magana. Shi ma wanda ya miƙe yana kakkaɓe riga yana cewa ba komai, a lallashe shi ya je a duba shi, kada a wuce da shi wurin mai ɗori kai tsaye. Inda ruwa ke da aiki shi ne ƙuna: a riƙa kwarara mai sanyi na kusan minti 20, ko ruwan leda ne, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Manja da ɗanyen ƙwai da makilin a bar su a gida.

Akwai masu mota da yawa da za su so ɗauka amma suna tsoron abin da zai biyo baya: a riƙe su a ce su kawo takardar 'yan sanda, ko a ce su suka buge shi, ko a ɗora musu kuɗin magani. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Sai dai doka tana gefen mai taimako fiye da yadda ake zato. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ko da wane dalili, hukuncin kuma tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. Abin da ya rage shi ne kariya bayyananniya ga wanda ya kawo majinyacin. A Indiya, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016 cewa ba za a tsare mai taimako ko a tilasta masa faɗin sunansa ba, aka kuma shigar da kariyarsa cikin dokar motoci a 2019. Ban ga abin da zai hana Majalisar Dokokin Jigawa yin irin wannan ba, a manna sanarwar da Hausa a ƙofar sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu, da kowane babban asibiti.

Koyar da wannan ilimi ba ya buƙatar kwangila. A Gana, wani likita mai suna Charles Mock da abokan aikinsa sun koya wa direbobin haya 335 taimakon farko a darasi na awa 6, da kayan da ake samu a kowace tasha, kuma da aka koma aka bincika an tarar da yawansu sun yi aiki da abin da suka koya, musamman tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi. Jigawa ma ba baƙuwa ba ce a irin wannan, domin shirin Haihuwa Lafiya ya daɗe da nuna cewa ana iya shirya direban ƙauye ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da kayan sarkinsu a kowane masallacin Juma'a, ga Red Cross, ga ƙungiyar direbobi ta NURTW mai reshe a kowace tasha. In aka fara da tashoshin Dutse da Shuwarin da Gujungu, kowane direba da ɗan kamasho da ɗan acaɓa ya samu yini ɗaya, a ba shi safar hannu da bandeji ya ajiye a mota.

Wayar da ke hannun matasa kuma tana da aiki a wurin, amma ba ɗaukar bidiyo ba. Akwai iyalan da a WhatsApp suka fara ganin gawar ɗansu kafin kowa ya zo musu da labari. Mai waya ya kira 122, ya faɗi sunan ƙauye mafi kusa da adadin waɗanda suka ji rauni, ya kira asibitin da aka nufa don su shirya, in dare ne kuma ya haska wa mai danna ciwo.