Ilimin Kimiyya a Bakin Tafki: Dalilin da Ya Sa Sabon Maharbi Ke Kuskuren Agwagwa

Idan damina ta ɗauke, ruwa ya kwanta a tafkuna da fadamun ƙasar Babura da Kazaure, tsuntsayen ruwa sukan taru a nan da yawa. Akwai na gida irin su kirinjijiya da dinya, akwai kuma baƙi masu tasowa daga Turai da yammacin Saberiya, su ƙetare Sahara, su iso wajen watan Oktoba ko Nuwamba, su juya a watan Maris. A wannan lokaci ne matashi kan saɓi bindiga ya bi manya zuwa bakin ruwa, kuma sau da yawa yakan komo da labari iri ɗaya: ya auna tsuntsun da ke gaba a jere, ya saki wuta, sai ga na uku ko na huɗu a baya ya faɗo, ko ma duk su wuce. Wasu sukan ɗora laifin a kan bindiga, wasu su ce an yi musu baki. Amsar tana cikin lissafin gudu da lokaci, wanda ɗan sakandare ma zai iya yi a bayan littafinsa.

Harsashi ba ya isa nan take

Ido yana yaudarar mutum cewa da jan kunama da isar harsashi duk abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin dalma na harsashin tsuntsu sukan bar bakin bindigar zamani da gudun kimanin mita 400 a sakan ɗaya, amma da yake ƙanana ne, iska tana rage musu gudu tun daga fitarsu. Kafin su ci mita 30 sukan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan. Agwagwar da ta miƙa sosai kuwa tana iya yin kilomita 65 a awa, wato mita 18 a sakan. In aka ninka gudun nan da wancan lokaci, za a ga cewa kafin ƙwayoyin su isa inda aka auna, tsuntsun ya riga ya matsa gaba da mita 1.8. Tsawon kirinjijiya bai kai rabin mita ba, ashe ke nan ta bar wurin da kusan tsawon jikinta huɗu. Wannan shi ne sirrin faɗuwar tsuntsu na huɗu. A mita 40 lokacin yakan kai wajen sakan 0.14, ratar kuma ta zama mita biyu da rabi.

Abin lura, sababbin maharba sun fi damuwa da cewa harsashi zai sunkuya ƙasa, har su riƙa ɗaga baki sama. Gaskiya ne nauyi yana jan ƙwayoyin, amma a mita 30 sunkuyawar ba ta wuce santimita 5 ba, a mita 40 kuwa wajen santimita 10. Mutum yana gyaran kuskuren da bai kai taƙi ba, ya bar na mita biyu.

Ratar da za a ba tsuntsu tana sauyawa da kusurwar tafiyarsa. Wanda ya gitta ta gabanka shi ke bukatar cikakkiyar rata. Wanda yake nisanta a karkace, da kusurwar digiri 30, rabinta ya ishe shi. Wanda ya taho kai tsaye ta saman kanka, sai a ɗaga bakin bindiga har ya rufe shi, sa'an nan a saki. Dinya kuwa tana da nata yaudarar: girmanta da jinkirin kaɗa fiffikenta sukan sa a ɗauka tafiyar hawainiya take yi, alhali gudu take sosai, a ɗauka kuma tana kusa, alhali tana nesa.

Laifin da ya fi kowanne: tsayar da bindiga

Mai karatu zai ce, to ai sai a auna mita biyu gaban tsuntsu a harba. A nan ne jikin ɗan Adam yake shigowa cikin lissafin. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, akan ɗauki kimanin sakan 0.2, ninki biyu na lokacin tafiyar harsashin kansa. In bindiga tana tsaye cik a wannan tsakani, tsuntsun ya ƙara wasu mita uku da rabi. A bindigar toka abin ya fi haka, domin akwai ɗan jinkiri tsakanin faɗuwar kunama da kamawar albarushi, musamman in albarushin ya sha raɓar asuba.

Maganin shi ne kada bindiga ta tsaya. Maharbi ya ɗora bakinta a bayan tsuntsu, ya bi layin tafiyarsa da ita, ya wuce jela, ya wuce jiki, ya wuce baki, in ya ga sarari ya buɗe tsakaninsu ya ja kunama, ya kuma ci gaba da juyawa bayan ƙarar. Da yake bakin bindigar yana tafiya tare da tsuntsun, jinkirin yatsa da na albarushi ba su ƙara yin illa ba, saboda a duk lokacin da wutar ta tashi, ratar tana nan. Juyawar daga ƙugu take fitowa, ba daga hannu ba. Ƙafar hagu tana gaba ga mai harbi da dama, gindin bindiga ya zauna daram a kafaɗa, kunci ya manne da katako. In kunci ya ɗaga don ɗokin ganin faɗuwar tsuntsu, ido ya bar layin bindiga, harbi ya bi ta sama.

Akwai kuma batun ido mai rinjaye, wanda mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Miƙa hannu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sa'an nan ka rufe na hagu. In yatsan ya tsaya a kan abin, idonka na dama ne shugaba. In ya yi tsalle gefe, na hagu ne, kuma mai irin wannan in ya harba daga kafaɗar dama zai riƙa kaucewa hagu kullum. Gara ya koyi harbi daga kafaɗar hagu tun da wuri, ko ya riƙa runtse idon hagu gab da harbi.

Sanin iyakar bindiga

Ƙwayoyi suna bazuwa yayin da suke tafiya. Maƙeran Ingila, musamman W. W. Greener na Bamingham a wajen 1874, sun shahara da tsuke bakin bindiga kaɗan don tattara su. Bindiga mai cikakkiyar tsukewa tana zuba kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyinta a cikin da'ira mai faɗin santimita 76 a nisan yadi 40, wadda ba ta da tsukewa kuwa kashi 40 kawai. Bindigar toka ta maƙeranmu tana cikin rukuni na biyu. A ganina, mai irinta bai kamata ya wuce mita 25 ba, mai ta zamani kuma ya tsaya a 35.

Kowa zai iya gwada tasa. A sami babban kwali, a zana da'irar, a jingina shi da tudun ƙasa inda babu kowa a baya, a auna taku, a harba, a ƙirga hudojin. In akwai giɓin da agwagwa za ta shige ba a taɓa ta ba, nisan ya yi yawa. A nan ne kuma mutum zai gane ko bindigarsa tana jefawa sama ko gefe. Bayan haka, ƙarfin bugun ƙwaya yana raguwa fiye da yadda gudunta yake raguwa: a mita 40 fiye da rabinsa ya tafi. Harbin nesa ba ya kawo nama. Abin da yake kawowa shi ne tsuntsu mai karyayyen fiffike da zai ɓuya cikin kacalla ya mutu bayan kwanaki. Da yake shimfiɗar ruwa tana rage nisa a ido, yana da kyau a kafa kara a mita 25 ko 30 daga maɓoya tun kafin gari ya waye.

Ƙara albarushi don a kai nesa kuskure ne mai tsada. Yana watsa ƙwayoyin, yana ƙara naushin kafaɗa har mutum ya koyi runtse ido kafin ƙara, kuma yana iya fasa bututun. Mafi haɗari shi ne farke harsashin zamani a ɗura garinsa a bindigar toka, domin matsin da yake haifarwa ya fi ƙarfinta. Guntayen ƙusa da ƙarfe marasa siffa kuwa kowanne hanyarsa yake bi a iska. Kada kuma a harba ƙasa-ƙasa a kan ruwa, don ƙwaya tana tsalle kamar dutsen da yara ke jefawa, ga masunta da masu noman rani a ɗaya gaɓar.

Horo ba ya bukatar harsashi da yawa. Da bindigar da aka tabbatar babu komai cikinta, a riƙa ɗaga ta zuwa kunci ana bin layin saman katanga, sau ashirin ko talatin kullum. Sa'an nan a cusa kwali a tsakiyar tsohuwar taya, wani ya garo ta daga gangare kamar wasan gare, yana tsaye a bayan maharbin. Hudojin za su nuna inda harbin ya faɗa, kuma a farko kusan kullum a baya ne.

Dokar makamai ta Nijeriya ta wajabta lasisi, har ga bindigar toka, kuma wuraren da aka keɓe wa tsuntsaye irin su Baturiya a gabashin Jigawa da Dagona a Yobe ba wuraren farauta ba ne. Ƙwayoyin da suka kuskure kuma ba ɓacewa suke yi ba: suna nutsewa cikin taɓo, agwagwa ta haɗiye su a matsayin tsakuwa, ƙundunta ya niƙa su, gubar dalma ta shiga jininta. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023. Ƙwayar ƙarfe da ta maye gurbinta ba ta kai dalma nauyi ba, tana saurin rasa gudu, don haka mai amfani da ita sai ya zaɓi ƙwaya mafi girma, ya kuma bari tsuntsun ya ƙara matsowa kafin ya ɗaga bindiga.