Mai Jifa Ya Lalace a Gasar Kwamfuta: A Riƙe Shi ko a Sallame Shi?

A Amurka da Kanada akwai mutanen da ke tashi da sassafe su duba sakamakon wasan da ba a buga shi a wani fili ba. Gasar besbol ce ta kwaikwayo. Mutum ashirin ko talatin ne ke haɗuwa, kowa ya riƙe ƙungiya ɗaya a matsayin manaja, ya sayi 'yan wasa, ya sayar, ya tsara wanda zai buga, sai manhaja ta buga wasannin ta fitar da sakamako. Matasanmu masu buga Football Manager sun san irin wannan zafin kai. Abin da ya fi hana waɗannan manajoji barci shi ne mai jifa idan ya fara zubar da wasa.

Ga wanda bai san besbol ba, mai jifa ne ke fara kowane motsi. Yana tsayuwa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo, shi kuma wancan ya yi ƙoƙarin maka ta da gora. Wasa zagaye 9 ne. Ana auna mai jifa da yawan makin da ake ci a kansa cikin kowane zagaye 9, ma'aunin da suke kira ERA. Wanda ke kusa da 4 matsakaici ne, mai 3 gwani ne, wanda ya haura 6 kuwa sai a fara yi masa kallon kaya.

To amma wannan ma'auni ba shi da amana a farkon kaka. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162, mai jifan da ke fara wasa kuma yakan fito sau 30 da 'yan kai. A ce a watan farko ya jefa zagaye 27, an ci maki 12 a kansa. Ma'auninsa 4 ke nan, ba mai ɗaga masa murya. A ƙara masa dare ɗaya tak da aka zura masa maki 6 a cikin waɗannan zagayen, sai ma'aunin ya koma 6. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma a takarda ya tashi daga abin dogaro ya koma abin sallama.

A gasar kwaikwayo lamarin ya fi fitowa fili, domin ana iya ganin cikin injin. Dubi Strat-O-Matic, wasan kati da Hal Richman ya fitar a 1961, shekara goma bayan makamancinsa, APBA na Dick Seitz. Kowane ɗan wasa yana da katinsa, an rubuta sakamako iri-iri a jere bisa abin da ya yi a kakar gaske. Ana jefa 'ya'yan ludo uku. Na farko shi ke zaɓar kati: idan 1 zuwa 3 ya fito, a duba katin mai bugu, idan 4 zuwa 6 ne, a duba na mai jifa. Sauran biyun a haɗa su, su nuna layin da za a karanta. Wato rabin abin da ke samun mai jifa ma ba daga katinsa yake fitowa ba. Katin da ke hannunka a watan Afrilu shi ne dai a watan Satumba, bai karaya ba, bai yi rigima da koci ba. Duk wanda ya taɓa zaman ludo yana neman shida ta ƙi fitowa ya san ba hannunsa ne ya mutu ba.

Wanda ya ba manajoji hanyar rarrabe rashin sa'a da rashin iyawa shi ne Voros McCracken, a wani rubutu da ya fito a Baseball Prospectus a 2001. Ya lura cewa abu uku ne ke hannun mai jifa sosai: yawan masu bugun da yake kora da jifarsa, yawan waɗanda yake ba hanya kyauta saboda jifarsa ta kauce sau huɗu, da yawan bugun da ke tsallake katanga. Da zarar gora ta taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, magana ta koma hannun masu tsaron fili da sa'a. A jimlace kusan 3 cikin 10 na irin waɗannan ƙwallaye ne ke kuɓuce wa masu tsaro, kuma galibin masu jifa, gwani da bami, kan dawo kusa da wannan adadi idan tafiya ta yi nisa. Da farko masana da yawa sun ƙi yarda, daga baya ƙungiyar Boston Red Sox ta ɗauke shi aiki.

Don haka idan naka mai jifan yana korar mutane kamar bara, jifarsa ba ta kaucewa fiye da da, amma 4 cikin 10 na ƙwallayen suna samun kafa, to ka bar shi ya ci gaba. Ka fi duba masu tsaron da ka jera a bayansa, wataƙila ka sa tsoho mai nauyin ƙafa a tsakiyar fili saboda kwaɗayin bugunsa. Idan kuwa korar ce ta ragu, kyautar hanya ta ƙaru, maganar ta canja.

Ta fi canjawa a Out of the Park Baseball, manhajar da wani Bajamushe, Markus Heinsohn, ya fara fitarwa a 1999. A can ɗan wasa yana tsufa, yana jin rauni, ƙarfin jifarsa da saitinsa suna hawa suna sauka, kuma rahoton da masu farautar 'yan wasa ke kawo maka ba lalle ne ya zama daidai ba. Matashi ɗan shekara 23 da ke tuntuɓe, a mayar da shi ƙaramin rukuni ya ƙara gogewa. Ɗan shekara 35 da saurin ƙwallonsa ya fara raguwa, ga albashi mai tsoka, jira ba zai dawo da shi ba. Tsakanin riƙewa da sallama akwai matsayi na uku da manajoji ke mantawa: a cire shi daga masu fara wasa, a riƙa sako shi zagaye ɗaya ko biyu.

Masu haƙuri suna son ambaton Roy Halladay, kuma suna da hujja. A 2000 ma'auninsa a Toronto ya kai 10.64. Aka tura shi can ƙasa a ƙaramin rukuni, koci Mel Queen ya sake masa salon jifa, a 2003 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa. Sai dai ni ina ganin a riƙa haɗa labarin da na Steve Blass, wanda ya ci wa Pittsburgh wasan ƙarshe na kambun 1971, amma a 1973 saiti ya ɓace masa, ya ba da hanya kyauta sau 84 cikin zagaye ƙasa da 90, bai kuma sake dawowa daidai ba. Alƙaluman Blass sun nuna matsalar daga gare shi take, ba daga rashin sa'a ba.

Akwai kuma abin da kwamfuta ba ta lissafa maka: sauran manajojin mutane ne, suna karanta alƙaluman da kake karantawa. Ranar da wani ya aiko maka da tayi mai taushi a kan mai jifanka da kowa ke zagi, ka tsaya ka tambayi kanka me ya gani. A Yulin 2013 Baltimore ta gaji da Jake Arrieta, ta haɗa shi da Pedro Strop ta ba Chicago Cubs, ta karɓi Scott Feldman da Steve Clevenger. A 2015 Arrieta ya ci wasa 22 da ma'aunin 1.77, shekara ta gaba kuma yana cikin waɗanda suka kawo wa Cubs kambun da rabonta da shi tun 1908.