TSEREN ƘANANAN JIRAGEN RUWA: INDA KAURIN GASHI KE RABA NASARA DA ASARA

Idan mutum ya je bakin waɗansu tafkuna na Amurka ko na Turai ran Asabar ko Lahadi cikin watannin zafi, zai tarar da manyan mutane, waɗansu har da furfura, sun jeru bisa wani dandamali, kowa riƙe da akwatin rediyo, idanunsu duk a kan ruwa. Abin da suke sarrafawa kuwa shi ne ƙananan jirage, waɗanda tsawonsu bai cika wuce yadi ɗaya da rabi ba, suna keta ruwa da gudun mota a kan kwalta, ba kowa a ciki. Baƙo sai ya ce wasan yara ne. Amma galibin wannan tsere ba a kan ruwa ake cinsa ba. A ɗakin aiki ake cinsa, inda mai jirgi ke kwance injinsa yana goge ƙarfe gwargwadon kaurin gashi, alhali ya sani sarai abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

ASALIN WASAN

Wannan sha'awa ta daɗe. Tun cikin 1904 aka kafa ƙungiyar masu ƙananan jiragen tururi a lambun Victoria da ke London, sa'an nan cikin 1924 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta Ingila. A wancan zamani babu sarrafawa da rediyo, sai dai a ɗaure jirgi da waya a jikin sandar da aka kafa a tsakiyar ruwa, ya yi ta kewayawa ana auna gudunsa. Amurkawa sun kafa tasu ƙungiya mai suna IMPBA cikin 1949, kana cikin 1959 aka kafa ta duniya, watau NAVIGA. Da rediyo ya yi araha sai aka saki jirage daga waya, suka koma tsere da junansu.

An kasa jiragen aji-aji bisa girman inji. Sanannun azuzuwa su ne na cc 3.5, da 7.5, da 11, da 15. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, cikin silindar mafi ƙanƙanta bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Duk da haka wannan ɗan inji yana juyawa sau 30,000 ko fiye a minti guda, watau sau 500 a daƙiƙa, yana kuma ba da ƙarfin doki biyu ko sama da haka. Da a ce injin mota mai lita ɗaya zai yi irin wannan ƙwazo, da sai ya ba da ƙarfin doki fiye da 500. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera irin waɗannan injuna sun haɗa da OPS da Picco da CMB da Rossi na Italiya, da K&B na Amurka, da O.S. na Japan.

INJIN DA BA SHI DA TARTSATSI

Ta fuskar aiki, injin ɗan'uwa ne ga na ƙaramin janareta da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Bambancinsu yana wajen wuta da kuma mai. Fuloginsa ba ya tartsatsi. A cikinsa akwai wata siririyar waya ta ƙarfen filatinam, wadda ake ɗumamawa da batir lokacin tayarwa. Da zarar inji ya tashi sai a cire batir, wayar ta ci gaba da yin ja da kanta, domin turirin metanol idan ya taɓa filatinam yana haifar da zafi. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan fulogi cikin 1947.

Man kuwa haɗi uku ne. Akwai metanol, wani irin sifirit mai guba, da man shafe ƙarfe, wanda tun asali man zurma ne, yanzu kuma ana gauraya shi da na masana'anta, sai kuma nitirometen, wanda 'yan wasan ke kira naitiro a taƙaice. Sirrin naitiro shi ne yana ɗauke da tasa iskar ƙonewa a jikinsa. Fetur kilo ɗaya yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone, naitiro kuwa bai bukatar ko kilo 2. Saboda haka silinda guda tana iya ƙona naitiro wajen ninki takwas na fetur, kuma ko da yake ƙarfinsa kilo da kilo bai kai na fetur ba, jimillar abin da ake samu ya fi ninki biyu. Wannan ne ya sa 'yan tseren Amurka kan zuba kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu: naitiro yana da tsada, yana cin fulogi, yana kuma gajarta ran inji.

AIKIN MAGAGARI

Irin wannan inji ba shi da bawul. Tagogi ne aka huda a bangon silinda, fistin kansa ke buɗe su yana rufewa yayin da yake hawa da sauka. Ta waɗansu sabon mai ke shiga, ta ɗaya kuma hayaƙi ke fita. Tsarin da ake bi a yau, inda tagogin shiga ke karkata mai nesa da tagar fita, na wani injiniyan Jamus ne, Adolf Schnürle, tun wajen 1926.

Mai gyara kan ɗaura wani faifai mai alamun digiri 360 a bakin karanshaf, ya juya a hankali, ya rubuta digiri nawa kowace taga ke kasancewa a buɗe. A injin tsere tagar hayaƙi kan yi wajen digiri 180. Idan aka ɗaga leɓenta na sama sai ta riƙa buɗewa da wuri, inji ya ƙara yawan juyi, amma ya rage ƙarfin ja daga ƙasa. A injin cc 3.5, goge kaurin gashi biyu kacal ya isa ya ƙara digiri biyu. Wanda hannunsa ya zarce zai sami inji mai ihu a bisa tebur, wanda da an jefa jirgi a ruwa farfela ta fi ƙarfinsa ya mutu. Ba kuma yadda za a mayar da abin da aka goge, sai sayen sabuwar silinda da fistin.

Akwai wani haɗari kuma. Silindar tagulla ce da aka shafe cikinta da kurom, fistin kuwa na alminiyum ne, ba shi da ringi. An ƙera silindar ta ɗan tsuke daga sama, ta yadda fistin ke cijewa in inji na sanyi, sai ya yi zafi tagulla ta buɗe daidai. Idan magagari ya ɓamɓaro kurom a bakin taga, ɗan ɓarɓashin nan zai kankare fistin cikin minti kaɗan. Haka nan ruwan sanyaya inji, wanda ake ɗebowa daga tafki ta wani siririn bututu a jikin matuƙin jirgi, ba a barinsa ya yi yawa. In ya yi yawa silinda ba za ta buɗe ba, fistin ya yi ta cijewa, har sandar da ta haɗa shi da karanshaf ta karye.

MURFIN SILINDA

Tun da babu tartsatsi, ba wata na'ura da ke tsara lokacin da wuta za ta kama. Abubuwa uku ne ke tsara shi: matsi, da zafin fulogi, da yawan naitiro. Idan aka ƙara naitiro wuta kan kama da wuri, don haka wajibi ne a rage matsi ko a sa fulogi mai kaurin waya. Ana rage matsi ta hanyar sa siraran washa a ƙarƙashin murfin silinda, kowace kaurinta kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Domin auna ratar da ke tsakanin fistin da murfi, masu gyara kan zura wayar dalma ta ramin fulogi, su juya inji fistin ya latse ta, sa'an nan su zaro su auna kaurin inda ya latsu.

Bayan kowane gudu ana kwance fulogi a duba, domin shi ne mai ba da shaida. Waya mai ƙyalli wadda ke zaune a tsakiya alama ce ta lafiya. Wadda ta yi toka-toka ko ta lanƙwashe tana nuna matsi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. In kuwa saman fistin ya yi kamar an watsa masa yashi, to wuta na fashewa ne maimakon ƙonewa, kuma hudewar fistin ta kusa.

SALANSA MAI ƘARA ƘARFI

Babban abin mamaki a wannan sana'a shi ne bututun hayaƙi. Siffarsa kamar mazurari biyu ne da aka haɗa baki da baki. Idan tagar hayaƙi ta buɗe, bugun iska kan ruga cikin bututun da saurin sauti. Mazurarin farko, mai buɗewa, yana zuƙo hayaƙi waje har da wani ɓangare na sabon mai. Na biyu, mai tsukewa, sai ya mayar da bugun baya, ya tura man da ya tsere ya koma cikin silinda daf da rufewar taga. Ta haka inji ke cin abincin da ya fi cikinsa.

Walter Kaaden na kamfanin babura na MZ a Jamus ta Gabas ne ya gwanance da wannan dabara cikin shekarun 1950. Cikin 1961 direbansa Ernst Degner ya gudu daga ƙasar ya kai ilmin ga kamfanin Suzuki. A fagen ƙananan injuna kuwa, Bill Wisniewski na Amurka ya ci gasar duniya ta gudun ƙananan jiragen sama cikin 1966 da irin wannan bututu, daga bisani masu jiragen ruwa suka ɗauka.

Sharaɗin shi ne bugun ya dawo a kan kari. Gajeren bututu na mai saurin juyi ne, dogo na mai ƙarfin ja. Ke nan wanda ya ɗaga taga tilas ya sake tsawon bututu, wanda ya sake bututu tilas ya sake farfela, wanda ya sake farfela tilas ya koma kan allurar kafireto. Gyara ɗaya ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda, kuma kowanne yana da littafin da yake rubuta abin da ya canza da zafin ranar da sakamakon da ya gani.

RANAR TSERE

A Amurka jirage kan yi kewaye shida, jimilla mil ɗaya, suna juyawa hannun dama a bayan alamun da aka kafa a ruwa. Na ɗaya yana samun maki 400, na biyu 300, wanda ya mutu a hanya kuwa 25 kacal, kuma jirginsa zai zauna a tsakiyar ruwa sai an gama kafin a je da kwalekwale a ɗauko. A Turai akwai tseren jimiri na minti 20 ko 30, inda ake ƙidaya yawan kewaye. A gwajin gudu miƙaƙƙe, jiragen naitiro sun daɗe da wuce mil 100 a awa.

A nan ne kwaɗayi ke kai mutum ga wahala. Idan aka matse allurar kafireto mai ya ragu, inji kan ƙara gudu nan take. Amma da yake man shafawa a cikin man ƙonewa yake, rage ɗaya rage ɗayan ne. Sau da yawa jirgin da ya ba kowa rata a kewayen farko shi ne ke tsayawa cik a na huɗu, wanda aka bari da ɗan yalwar mai ya wuce shi ya kwashe maki. Sauri ya haifi nawa.

Lafiyar mai gyaran ma tana cikin lissafi. Metanol yana makantarwa in aka sha, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake gani da rana. Farfeloli da yawa ana yin su ne da jan ƙarfe mai haɗe da beriliyam, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka masu hankali ba sa wasa su sai da ruwa da abin rufe hanci.

SABUWAR DOKA

Cikin 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun matsa wa wannan sana'a. Na farko, jirage masu aiki da batir sun kama na naitiro a gudu, ga su ba ƙara ba hayaƙi, waɗansu 'yan wasan kuma sun koma ga manyan injunan fetur masu arahar mai. Na biyu, da yake ana iya haɗa abin fashewa da naitiro, Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a man da ya wuce kashi 16 cikin ɗari ta nauyi daga watan Fabrairu na 2021, sai fa ga mai lasisi a ƙasashen da ke bayarwa.

Wannan doka ta mayar da masu gyara na Turai kan teburinsu. Inji da aka saita wa naitiro mai yawa ba ya aiki daidai da kaɗan, saboda haka aka shiga cire washa, ana ƙara matsi, ana sake fulogi, ana sake auna bututu. Ƙarfin da a da ake saye a cikin galan, yanzu sai an neme shi da ma'auni da haƙuri.

Har ila yau aikin bai ƙarewa da tashi daga tafki. Metanol yana jan danshi, don haka injin da aka kwanar da shi da ragowar mai a ciki, boris ɗinsa zai yi tsatsa cikin kwana kaɗan. Kafin mai jirgi ya kama hanyar gida sai ya tsiyaye mai, ya zuba na kariya, ya juya inji da hannu. Wanda ya yi sakaci da wannan ɗan aiki na minti biyar, duk gyaran da ya kwana yana yi ya tafi a banza.