Wa Ke Kula da Ƙannenmu Kafin Malamai Su Iso?

Daga 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida

A wannan makon ina so mu duba wani abu da muke gani kullum da safe amma ba mu cika maganarsa ba. Shi ne yadda ake kai ƙananan yara makarantar firamare tun kafin malamai su zo, a ajiye su a bakin ƙofa, a juya a tafi. Maganar ta shafe mu sosai, domin da yawanmu 'yan ƙaramar sakandare mu ne muke raka ƙannenmu kafin mu wuce tamu makarantar.

Makaranta tana da lokaci iri biyu da safe. Akwai lokacin da ake buga ƙararrawar asambli, wanda kowa ya sani saboda tsoron makara. Akwai kuma lokacin da mutumin farko mai alhakin kula da yara yake isowa, wato malamin da ke duti a makon ko hedimasta. Wannan na biyun shi ne iyaye da yawa ba su sani ba, kuma ba sa tambaya. Suna ganin da zarar yaro ya sa kayan makaranta ya tsaya a inuwar katangarta, to ya shiga hannun malamai ke nan. Alhali katanga ba ta raba faɗa, ba ta kuma hana yaro fita titi.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce an ajiye yaro ƙarfe bakwai saura kwata, malami na farko kuma ya iso bakwai da minti ashirin da biyar. Minti 40 ke nan. A kwana biyar ya zama minti 200, wato awa 3 da minti 20 a kowane mako. Idan zangon karatu ya yi mako 13, yaron ya yi sama da awa 43 ba kowa a kansa. Da za a ce wa uwa ta bar ɗanta mai shekara shida a bakin titi na tsawon awa 43, ba za ta taɓa yarda ba. Amma da yake abin kaɗan-kaɗan yake zuwa, ba a jin nauyinsa.

To me ya sa ake yin haka? Ni dai ban ga iyayen da suke yi don rashin son 'ya'yansu ba. Yawanci neman abinci ne. Mai sayar da kayan miya a kasuwar 'Yankaba, in bai yi sammako ba kaya masu kyau sun wuce shi. Ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aikin safe a asibiti ba ta isa ta makara ba. Wani uban kuma babur ɗaya gare shi, yara huɗu, makarantu uku, sannan shagonsa yana Kantin Kwari ko Sabon Gari, ga cunkoson hanya. Dole wani yaron ya zama na farko da za a sauke, kuma sau da yawa ƙaramin ake fara saukewa saboda firamare ta fi kusa da gida. Abin da ya ba ni mamaki ke nan da na lura: wanda ya fi kowa buƙatar kulawa shi ne ya fi kowa daɗewa shi kaɗai.

Sai kuma maganar masu a-daidaita-sahu. Tun shekarar 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, gidaje da yawa suke yin jinga da mai a-daidaita ya riƙa kai yara makaranta ana biyansa a wata. Shi kuma kuɗin gida ɗaya ba zai ishe shi ya sha mai ya biya balas ba. Saboda haka sai ya karɓi jingar gida biyar ko shida, ya raba yaran sahu biyu ko uku. Idan yana so 'yan sahun ƙarshe su isa kafin ƙararrawa, to dole 'yan sahun farko su fito tun gari bai gama wayewa ba. Uwa tana gida hankalinta kwance, ta sa yaranta a mota da hannunta. Ba ta san cewa minti goma bayan haka suna tsaye a gaban ƙofar da ba a buɗe ba, direban kuma ya koma ɗauko wasu.

Mu ma muna cikin masu yi. 'Yar aji ɗaya ko biyu da aka ɗora wa raka ƙanwarta tana cikin gaba kura baya sayaki. In ta tsaya jiran malamin firamare, za ta makara a tata makarantar, ta sha bulala ko tsintar shara. In ta tafi, ta bar ƙanwarta ita kaɗai. Yawancinmu tafiya muke yi, domin bulala tabbas ce, hatsarin kuwa muna cewa ai ba abin da zai faru. A nan nake ganin hukuncin makara, duk da amfaninsa, yana haifar da wata matsalar da ba a yi niyya ba.

Yanzu me yake faruwa a cikin waɗannan mintuna? Babban abin tsoro shi ne titi. Yaro ɗan aji ɗaya gajere ne, direba ba ya hango shi idan ya fito ta bayan motar da aka ajiye. Kuma bai iya auna gudun abin hawa ba tukuna, yana ganin mota daga nesa sai ya ɗauka zai riga ta. Idan ƙofa a rufe take, yara a waje suke taruwa, kuma yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya hango mai awara ko mai alewa a tsallake, ko abokinsa ya kira shi, ko ƙwallo ta gangara. A daidai wannan lokacin ne kuma masu abin hawa suka fi sauri, kowa yana gudun kada ya makara.

Akwai yanayi ma. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Kano sai wajen bakwai saura minti goma. Ke nan yaron da aka sauke shida da rabi an sauke shi da sauran duhu, cikin sanyin hunturu da hazo. Za ka gan su sun takure a jikin katanga, hannu cikin riga, leɓe ya tsage. Ga mai lafiya wahala ce kawai. Amma ga mai cutar sikila sanyi yana iya tayar masa da ciwo mai tsanani, ƙura kuma tana tayar da asma. Idan numfashin yaro ya fara sarƙewa a wannan lokacin, wa zai gane? Abokansa 'yan shekara bakwai ne. Da damina kuwa hadari yakan taso da sassafe, azuzuwa a kulle, kwatoci su cika su batse har ba a gane ina ne hanya ina ne rami.

Abin da manya ba su cika sani ba, amma mu da muka bar firamare kwanan nan mun sani, shi ne cin zali. Kafin malamai su zo, mulki a hannun masu ƙarfi yake. A lokacin ne ake ƙwace kuɗin tara, a buɗe kwanon abincin yaro a cinye, a ɗauke fensir. Wanda aka yi wa ba ya faɗa a gida, saboda an ce in ya faɗa zai gani gobe. Sai dai uwa ta ga yaro ya fara kuka duk safiya, yana cewa cikinsa na ciwo, ta ɗauka ƙiwuya ce. Wasu kuma banɗaki ne matsalarsu. Yana kulle, mabuɗi yana wurin wanda bai zo ba, sai yaro ya zagaya bayan aji ko cikin kango, ko ya ɓata wandonsa a wuni ana yi masa dariya.

Ba na so in tsorata kowa, amma dole a ambaci satar yara. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun ba da sanarwar ceto yara tara da aka sace daga unguwannin Kano aka kai su Jihar Anambra. Dukansu ƙanana ne. Mai mugun nufi yaron da ba babba a kusa da shi yake nema, kuma yaron da ake ajiyewa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum, ya fi sauƙin lura.

Wani zai ce ai akwai maigadi. Gaskiya ne wasu makarantun suna da shi, kuma na san masu gadi da suke ƙoƙari kamar jikokinsu ne. Amma aikinsa tsaron gini da kaya ne. Sau da yawa dattijo ne da ya kwana bai yi barci ba, yana jiran gari ya waye ya tafi gida. Bai san sunayen yara ba, ba shi da lambar wayar iyayensu. In wani ya zo ya ce shi kawun yarinyar nan ne, an aiko shi ya mayar da ita gida, da me maigadi zai gane ƙarya ce? Wasu makarantun ma ba katangar balle ƙofa. Su ma malamai ba za mu ɗora musu laifi duka ba. Suna da nasu 'ya'yan da za su shirya, wasu daga nesa suke zuwa, kuma suna da lokacin da aikinsu yake farawa. Wanda ya zo a kan lokacinsa bai yi laifi ba don wani ya kawo yaro awa guda kafin haka.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare na shekara shida da na ƙaramar sakandare na shekara uku kyauta ne kuma tilas, ta kuma ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro yana zuwa. A fahimtata, kai yaro makaranta bai cika ba sai an miƙa shi ga wani babba. Hannu da hannu. Kafin nan yana wuyan wanda ya fito da shi.

Abin farko da ya kamata kowane gida ya yi bai buƙatar ko sisi: a je a tambayi hedimasta ƙarfe nawa malami na farko yake isowa. Makaranta ita ma ta rubuta wannan lokacin da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa, kamar yadda ake rubuta sunanta. Wanda ya yi jinga da mai a-daidaita ya tambaye shi a sahu na nawa yaransa suke, kuma wata rana ya bi bayansu ba tare da sanarwa ba ya gani da idonsa.

Inda iyaye ba su da yadda za su yi sai sun fita da wuri, a nan ne taron iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na unguwa suke da amfani. Hausawa suna cewa ɗa na kowa ne. Idan gida goma suka haɗa kai, kowane gida safiya ɗaya kawai zai tsaya a cikin mako biyu na karatu. Ana iya roƙon a buɗe aji ɗaya da banɗaki ɗaya da wuri, a samu wata dattijuwa ta kusa da kowa ya sani ta zauna da yaran, iyaye su riƙa yi mata ɗan ihsani. Aji ɗaya a buɗe ya raba su da titi da sanyi da ruwan sama gaba ɗaya.

Mu kuma masu rakiya akwai namu. Ka koya wa ƙaninka lambar wayar babanku ko mamarku. Lamba 11 ce kacal, in aka sa mata ɗan kari kamar karatun allo, cikin mako guda ya haddace. Ka rubuta masa ita kuma a cikin murfin jakarsa. Ka faɗa masa kada ya bi kowa, ko da mutumin ya kira sunansa ko ya ce daga gida aka aiko shi. Kada ka sauke shi a tsallaken titi ka ce ya ruga, ka haye da shi. Idan kun isa ba babba ko ɗaya a wurin, ka duba agogo ko ka tambayi wani ƙarfe nawa, ka faɗa a gida da yamma, domin mai yiwuwa ba su sani ba.

Ina kuma roƙon malamanmu na nan, cikin ladabi, su duba ko za a rubuta sunayen ɗaliban da suke raka ƙanne firamare, iyayensu su zo su tabbatar, a ba su uzurin minti goma ko sha biyar a bakin ƙofa. A ajinmu kaɗai, da na tambaya wa yake raka ƙani ko ƙanwa da safe, hannuwan da aka ɗaga sun fi waɗanda ba a ɗaga ba. Wanda yake cikinsu zai iya ba wa ɗan ƙungiyarmu na ajinsa sunansa kafin ranar Alhamis, mu haɗa mu kai wa malamin ƙungiya.