Mai Yabon Jirgin Sama, Wa Ya Biya Maka Kuɗin Kujera?

Daga Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da ta tashi a zaurena ran nan bayan lisha, yara sun tashi daga karatun dare. Wani saurayi cikin tsofaffin almajiraina, wanda yanzu ya ke sayar da kayan babur, ya tara ɗan jarinsa yana so ya tafi ƙasar Sin ya saro kaya da kansa, karo na fari. Ya zo neman addu'a. Muna zaune sai ya fito da wayarsa ya nuna mana wani matashi mai ba da labarin tafiye-tafiye, yana cikin jirgin wani kamfani, ya miƙe ƙafa a kujerar da ke komawa gado, ana kawo masa akushi bayan akushi, yana rantsuwa duk duniya babu jirgi kamar wannan. Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, shi zan shiga."

Allah Ya sa a zauren akwai dattawa biyu da suka daɗe suna hawa sama. Ɗaya ɗan kasuwa ne, ya fi shekara 20 yana zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai da Jidda. Ɗayan ya sha rakiyar alhazai. Na farkon ya karɓi wayar, ya duba, ya mayar, ya ce, "Yaro, ka tambaye shi wa ya biya masa kuɗin kujerar?" Yaron ya ce ai ba a faɗa ba. Alhaji ya ce, "To, wannan shirun shi ne amsarka."

Ku sani, jama'a, wannan sana'a ce yanzu mai zaman kanta. Kamfanonin jirage sun gane mutane sun gaji da talla, in sun ji ta a rediyo sai su kau da kai, amma in mutum ya zo da kamannin matafiyi ɗan'uwansu sai su saki jiki. Saboda haka su kan nemi masu ba da labarin tafiya waɗanda jama'a ke saurara, su ba su tikiti kyauta, ko su ɗaga su daga kujerun baya zuwa na gaba, ko su gayyace su bikin buɗe sabuwar hanya, a saukar da su a babban masauki. Wani kuma a ba shi la'ada bisa kowane mutum da ya sayi tikiti ta hannunsa. Ba kullum ne a ke ce masa ya yi yabo ba, kuma ba a bukatar a ce. Kowa ya ci ladan kuturu ya san aski na jiransa.

Matafiya na haƙiƙa, watau waɗanda ke fid da kuɗi daga aljihunsu, ba su cika cewa waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Abin da Alhaji ya ce ya fi haka nauyi. Ya ce duk abin da matashin ya nuna gaskiya ne: kujerar tana nan, abincin yana nan, murmushin ma yana nan. Sai dai ma'aikatan jirgin sun san da zuwansa, sun san fuskarsa. Bai tsaya layin awo da buhu huɗu ana ja masa kuɗin ƙarin nauyi ba. Bai kwana a kan dakali a zangon canjin jirgi ba don na farko ya makara na biyu ya tashi. Bai taɓa isa gida jakarsa ta bi wata ƙasa ba, ko in ta taɓa bi, waya ɗaya ya buga aka kawo masa har ƙofa. Ya ga jirgin ran sallarsa, mu kuwa ran kasuwa mu ke shiga.

Mu a nan ƙasar abin ya fi mana ciwo. Mutumin Legas in aka ɗaga tashinsa sai ya koma gida ya kwana. Namu ya baro Birnin Gwari da asuba, ya ratsa daji ta Buruku ya isa Kaduna, kuma duk mun san shekarun da wannan hanya ta ƙi biyuwa sai da rakiyar soja. In aka ce masa sai jibi, ba komowa zai yi ba. Sai ya raɓa a Mando yana cin guzurinsa, kuɗin da ya ƙulle don haja yana zubewa kaɗan kaɗan. Labarin da zai amfane shi shi ne: wane kamfani ke cika alkawarin lokaci, in ya saɓa kuma yaya ya ke yi da mutane. Wannan kuwa wanda aka ɗauka kyauta sau ɗaya ba ya da hanyar saninsa.

Dattijon ya kawo misali da abin da tsofaffin matafiya ke riƙewa a ka. A watan Maris na 1917, a'a, na 2017 (tsufa ya fara taɓa alƙalami), aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran hanyar sauka, aka mai da jirage Kaduna. Manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, Ethiopian Airlines ya zo. Haka kuma Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen Oktoba 2022 saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar, bai komo Legas ba sai Oktoba 2024. Kowannensu yana da dalilinsa na ciniki, ba zargi na ke ba. Amma irin wannan lissafi na shekaru shi ne ma'aunin ɗan kasuwa, ba laushin matashin kai ba.

To, malamai sun san wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidi ya wuce babin hukunci da shaida, ya ga an jera waɗanda alƙali ba ya karɓar shaidarsu, cikinsu har da mai jawo wa kansa amfani da shaidar, da mai tunkuɗe wa kansa cuta da ita. Ba a ce fasiƙi ne ba. Yana yiwuwa mutumin kirki ne mai salla a sahun farko. An dai san zuciyar ɗan Adam tana karkata wajen hannun da ya ba ta, ko mai ita bai sani ba. Masu yabon jirage sun haɗa duka biyun: suna jawo tikitin gobe, suna kuma tsoron a rufe musu ƙofa. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. A 2023 wani Bature mai irin wannan sana'a, Josh Cahill, ya ba da labarin wata tafiya da ya yi a Qatar Airways bai yaba ba. In ji shi, sai aka yi masa tayin tafiya kyauta don ya janye maganar, da ya ƙi aka hana shi shiga jiragen kamfanin. Nasa bakin ke nan. Amma sauran abokan sana'arsa sun ji, kuma kowa ya san abin da mai gemu ke yi in na ɗan'uwansa ya kama wuta.

Ko matafiyan da mu ke karantawa a littattafai ba su kuɓuta ba. Ibnu Batuta ya iso Mali a 1352, zamanin Mansa Sulaimanu. Da aka ce ga kyautar sarki tana zuwa ya miƙe yana tsammanin riguna da dukiya, sai ga gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono. Ya rubuta sarkin a marowaci, ko da ya ke daga baya an ba shi gida da zinariya. A 1353 ya bi ta Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir, ya koma Fas, inda Sarki Abu Inan ya sa Ibnu Juzayyi ya rubuta labarin daga bakinsa. Wanda ya karanta ya san yadda aka kambama Abu Inan a ciki. Ba mu jefar da littafin ba saboda haka, don babu kamarsa wajen labarin wancan zamani. Sai dai in ya zo ga yabon sarki ko kushe shi, mai hankali ya kan waiwaya ya duba abin da aka sa masa a hannu. Falalarsa guda ita ce shi da kansa ya ke faɗin abin da aka ba shi, har ya ƙirga.

Na kusa da mu kuma shi ne Alhaji Abubakar Imam, ɗan Kagara maƙwabtanmu, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, hukumar British Council ta gayyaci 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, shi da su Nnamdi Azikiwe. Ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Ba a ɓoye wa kowa wanda ya ɗauki nauyin tafiyar ba. Cin gurasarsu kuma bai hana shi zama da Lugga a can ya zayyana masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa a ƙarƙashin mulkin da shi Luggan ya shimfiɗa ba. Ashe ana iya karɓar gayyata a riƙe baki. Da wuya ne kawai, kuma ba kowa ba.

Hukumomi ma sun farga. Tun 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta wajabta wa duk wanda aka ba kuɗi ko kyauta ya yabi haja ya bayyana haka a fili. A Nijeriya dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON mai duba tallace-tallace. Amma doka tana Abuja, waya tana hannun yaro a Saminaka.

Yanzu kuma bari in juya ga mutanen zaurena, don laifi tudu ne. Na ce da Alhaji, kai ma ai ba ka fita ba. Kamfanonin nan suna da wani tsari na riƙe mai yawan tafiya: kowace tafiya a rubuta masa maki, in sun taru a ba shi tikiti, ko ƙarin awo, ko ɗakin hutawa a filin jirgi. Na Habasha suna kiran nasu ShebaMiles, kowane kamfani da sunan nasa. Mutumin da ya tara makin shekara goma a wuri ɗaya, in yaro ya tambaye shi wane jirgi ya fi, me ka ke tsammani zai ce? Alhaji ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ka taɓa ni." Ya yarda sau da yawa ya kan bar tikiti mai araha ya sayi mai tsada don kada darajarsa ta faɗi. Haka ejan mai sayar da tikiti, shi ma da inda la'adarsa ta fi kauri.

Mu malamai kuwa namu ya fi muni, kuma sai an faɗa. Tun daga 1948, sa'ad da su Alhaji Mahmudu Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar WAPA a Kano don jigilar alhazai, har zuwa hukumar NAHCON da aka kafa a 2006, mutanenmu ba su da mashawarci kan tafiyar Makka da ya wuce malamin unguwarsu. Yau ga kujerar gwamnati, ga ta kamfanonin Umra masu ba malami kujera in ya kawo mutum kaza. Sai ya komo ya zauna a kan buzu ya ce tsarin bana babu kamarsa, alhali tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya tana can ta yi kwanaki a sansani tana jiran jirgi. Ni kaina an taɓa kai ni Umra kyauta. Da na komo aka tambaye ni, na yaba. Sai bayan watanni wani da muka tafi tare, wanda ya biya da kuɗinsa, ya gaya mini masaukin da aka sa su nisansa da Harami sai da mota, ba kamar nawa ba. Ban yi ƙarya ba, amma mutum biyu sun biya wa kamfanin nan kuɗi saboda maganata, kuma ban gaya musu kyauta aka kai ni ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Da dare ya yi nisa sai dattijo na biyu, wanda bai cika magana ba, ya jawo yaron kusa ya gaya masa abin da babu mai yabo da zai gaya masa. Ya ce akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Montreal a 1999, Nijeriya tana ciki. In jakarka ba ta fito ba, kada ka bar filin jirgi sai an rubuta maka takardar ɓatan kaya, ka kuma adana ɗan guntun lambar da aka manna maka a tikiti. In ta fito a fashe, kwana 7 gare ka ka kai ƙara a rubuce. In ta makara, kwana 21 daga ran da ka karɓa. Diyya kuma tana da iyaka, wajen dala 2,000 ga mutum ɗaya tun ƙarshen 2024, ko da kayan cikin sun ninka haka, sai fa in ka bayyana darajarsu tun wurin awo ka biya ƙari. Saboda haka jarinka kada ya shiga jakar awo. In kamfani ya ƙi sauraronka, hukumar NCAA tana da ofishin karɓar koke.

Yaron ya tambaya, to wane jirgi zai shiga? Babu wanda ya ba shi suna. Alhaji ya ce ya tafi Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano ya nemi mutum uku da suka bi hanyar nan bana a kujerun baya da kuɗinsu, kowanne ya tambaye shi shi kaɗai: sa'a nawa ya jira a zango, kilo nawa aka bar masa, kuma ran da abu ya ɓaci wa ya saurare shi. Na ƙara masa da cewa matashin nan na waya ma kada ya daina kallonsa, zai koya masa yadda a ke ɗaura ɗamarar kujera da inda a ke nuna fasfo, wannan kuwa amfani ne ga wanda bai taɓa shiga ba. Muka yi masa addu'a, aka shafa. Ya ce ran Asabar zai bi motar Kano.